Magani ko awo: wanne ake fara yi wa marar lafiya?

A gidan likita abubuwa biyu ne suke tafiya da agogo: magani da awo. Magani yana da lokacinsa, wanda lokotoro ya rubuta a takarda, ko sau ɗaya a yini, ko sau uku, ko kowace awa 6. Awo kuma yana da nasa sharuɗɗa. Akwai awon jinin da ba a yi sai mutum bai karya kumallo ba. Akwai wanda ake son a ɗauka tun magani bai shiga jiki ba. Sau da yawa lokutan nan biyu sukan yi karo. Ƙarfe 8 na safe ta yi, ga ƙwayar magani a hannu, ga kuma takardar labo da ta ce kada a ci komi. Wanne za a gabatar?

Wanda wannan tambaya take hawa kansa kullum shi ne ma'aikacin jinya, wato anfirmiye, namiji ko mace. Amma ku ma ta shafe ku. A asibitocinmu, tun daga ƙaramin gidan likita na karkara har zuwa manyan asibitocin Yamai, Damagaram, Maraɗi da Tawa, dangin marar lafiya ne suke kwana kusa da shi. Su suke zuwa farmasi, su suke kawo kunu, su suke kai kwalbar jini labo, wani lokaci ma su suke miƙa masa ƙwaya ya haɗiye. Wanda yake wannan aiki ya kamata ya san yadda ma'aikata suke yanke shawara, domin ya taimake su, kada ya ɓata musu aiki cikin rashin sani.

Abin da ma'aikacin jinya yake aunawa

Tambayar da yake yi wa kansa ita ce: in an jira, me za a rasa? In aka jinkirta magani, shin ciwon zai ƙaru har ya taɓa rai, ko kuwa jinkirin awa ɗaya ba zai canza komi ba? In aka gabatar da magani, shin zai ɓata awon, ko ya goge sawun cutar da ake nema?

Magunguna ba ɗaya suke ba wajen haƙuri da jinkiri. A shekarar 2011 wata cibiya ta ƙasar Amurka mai kula da tsaron magunguna, ISMP, ta fitar da ƙa'idar da asibitoci da yawa suke koyi da ita. Ta ce maganin da lokacinsa yake da tsanani a ba da shi cikin minti 30, kafin lokacin da aka rubuta ko bayansa. Maganin da ba shi da wannan tsanani, in ana shansa sau biyu ko uku a yini, yana iya jure awa 1. Wanda ake sha sau ɗaya a yini yana iya jure awa 2. Daga nan za ku gane dalilin da ya sa anfirmiye zai ce ƙwayar ƙarin jini ta jira a dawo daga hoto, amma ya tsayar da mai tura gado a bakin ƙofa har sai ya gama yin wata allura.

Ba shi da ikon soke maganin da lokotoro ya rubuta don ra'ayin kansa. In abin ya wuce ɗan gyaran lokaci, sai ya nemi lokotoro, ko ya yi magana da mutanen labo a sake tsara awon. A gidajen likita na karkara, inda babu lokotoro, majo shi ne mai rubutawa kuma shi ne mai yankewa. Abin da aka yanke ana rubuta shi, domin masu aikin dare su tarar.

Sanƙarau: inda minti yake da tsada

Babu ciwon da ya fi nuna nauyin wannan shawara kamar sanƙarau. Ƙasarmu tana cikin yankin da wannan cuta take yawan ɓarkewa, daga lokacin hunturu har zuwa faɗuwar ruwan farko. Alamominta sanannu ne: zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai, gudun haske, wani lokaci suma ko jijjiga. Ga jariri, maɗiga takan kumbura, ya ƙi nono. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce cikin mutum 6 da suka kamu da irin sanƙarau mai tsanani kusan 1 yakan rasu, kuma cutar tana iya kashewa cikin awa 24.

Awon da yake tabbatar da ita shi ne ɗibar ruwan baya. Ana sa marar lafiya ya lanƙwashe, a soka siririyar allura tsakanin ƙasusuwan ƙugu, a ɗebi ɗan ruwan da yake kewaye da laka da ƙwaƙwalwa. Ruwan mai lafiya garau yake kamar ruwan rijiya da ya kwanta. Na mai sanƙarau yakan yi gurɓi. Iyaye da yawa suna tsoron wannan allura, suna cewa tana gurgunta yaro. Wurin da ake sokawa yana ƙasa da inda lakar ta ƙare. Kurumta ko shanyewar da ake gani ga wasu yara bayan sun tashi, cutar ce ta bar musu, musamman in an makara wajen kawo su.

Ga inda karon yake. Maganin sanƙarau, wanda aka fi amfani da shi seftiriyakzon, yana da ƙarfi ƙwarai. Cikin ƴan awoyi kaɗan bayan allurar farko, ƙwayoyin cutar da suke cikin ruwan baya suna iya mutuwa, har in an shuka ruwan a labo kada komi ya tsiro. Saboda haka an fi son a ɗebi ruwan tukuna. Amma kuma kowace awa da ta wuce babu magani tana ƙara haɗari. A jagoran da OMS ta fitar a shekarar 2025 an ce a fara maganin da wuri iyakar iko, an fi so cikin awa ta farko.

To, yaya ake yi? In kayan aiki da mai yin aikin suna nan, sai a ɗebi ruwan nan take, allurar magani ta biyo baya ba tare da jiran sakamako ba. In kuwa ɗibar za ta ɗauki lokaci, ko babu mai yi sai an tafi wani gari, ko marar lafiya ya yi nisa cikin suma, ko yana jijjiga, ko jininsa ya faɗi, to magani ake fara yi. Awon ya zo daga baya. Kuma ba a yi asara duka ba: akwai wani awo na zamani da ake kira PCR, wanda yake gane gawar ƙwayar cuta ko bayan magani ya kashe ta. Cibiyar bincike ta CERMES da take Yamai tana yin irinsa.

Wani zai ce, tun da magani ɗaya ne, me ya sa ake wahalar da yaro da ɗibar ruwa? Amsar ta wuce gadon yaron. Sanƙarau iri-iri ne. Allurar rigakafin da aka fara yi a Nijar a shekarar 2010 ta karya lagon nau'in A, wanda shi ne ya daɗe yana ɓarna. Amma a shekarar 2015 annoba ta sake tashi, ta fi tsanani a Yamai, aka ƙidaya mutum sama da 8,000 da ake zaton sun kamu, sama da 500 suka rasu. Ruwan bayan da aka auna shi ya nuna cewa nau'in C ne ya fi yawa, wanda waccan allura ba ta karewa daga gare shi. Da wannan sani aka nemi rigakafin da ya dace. Ɗan ruwan da aka ɗiba daga yaro guda yana iya zama sanadin kare unguwa. Saboda haka in an nemi izininku, ku bayar da sauri. Gardamar rabin awa a bakin ɗaki tana jinkirta awon da maganin gaba ɗaya.

Haka dokar take ga duk ciwon da ake zaton ƙwayar cuta ta shiga jini: a ɗebi jinin da za a shuka, sannan a yi allura, amma kada neman kwalba ko jiran kuɗin awo ya tsayar da maganin wanda yake bakin rai.

Masassarar cizon sauro

Nan abin ya fi sauƙi, domin awon ba ya daɗewa. Tun shekarar 2010 OMS ta ce a auna kafin a ba da magani, saboda ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Awon gaggawa, wanda ma'aikata suke kira TDR, ɗigon jini ne daga yatsa, kuma cikin minti 15 zuwa 20 an ga sakamako. Jiran wannan ba ya cutar da wanda yake zaune yana magana. In kuwa ba za a iya samun awo ba cikin awa 2, ana ba da magani bisa alamomi.

Masassara mai tsanani daban ce. Yaron da yake jijjiga, ko ya suma, ko ba ya iya sha, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ba a ajiye shi jiran layin labo. Ana yi masa allurar artesunat a take, a sake bayan awa 12, a sake a awa ta 24. Waɗannan lokuta uku ba a wasa da su. In lokacin allura ta biyu ya faɗo daidai da lokacin kai shi hoto, allurar ce gaba. Bayan ya farfaɗo sai ya ci gaba da ƙwayoyi na kwana 3.

Abu ɗaya yake rikita wannan awo: maganin da aka sha a gida. In kun ba yaro maganin masassara jiya, mai duba jini da madubin labo yana iya rasa ƙwayar cutar alhali tana nan. TDR kuma yana iya ci gaba da nuna alamar cuta har makonni bayan an warke. Ma'aikaci ba zai iya karanta sakamako daidai ba sai ya san abin da aka sha da ranar da aka sha.

Ciwon sukari da awon safe

Wannan shi ne karon da aka fi gani yau da gobe, kuma shi ne wanda kuskurensa ya fi faruwa a hannun dangi.

Awon sukari na safe yana bukatar mutum ya yi aƙalla awa 8 bai ci abinci ba. In sakamako ya kai giram 1.26 a lita ɗaya ta jini, aka sake aunawa wata rana aka samu haka, to ciwon sukari ne. Ku lura, wannan kamewa ba irin ta watan azumi ba ce. Ruwa tsagwaronsa ba ya ɓata awon, hasali ma yana sauƙaƙa samun jijiya. Abin da aka hana shi ne abinci, kunu, fura, madara, lemu da shayi mai sukari. Dattawa da yawa sukan ƙi ko kurɓin ruwa, su zo labo da baki a bushe cikin zafin bazara, alhali ba wanda ya ɗora musu haka.

Yanzu ku ɗauki mutumin da ya riga ya san yana da ciwon, yana yin allurar insulin kowace safiya, ko yana shan ƙwaya irin gilibenkilamid. Aikin waɗannan magunguna shi ne sauke sukarin jini, bisa zaton abinci yana tafe. In ya yi allurarsa ƙarfe 7 kamar yadda ya saba, ya tafi labo da ciki wayam, ya tarar da layi har ƙarfe 10, sukarinsa yana iya faɗuwa ƙasa da giram 0.70. Sai gumi ya keto masa, hannu ya kama rawa, zuciya ta riƙa bugawa, yunwa mai tsanani ta taso, magana ta fara rikicewa. In ba a kula ba sai suma.

Shi ya sa ma'aikacin jinya yake sa mai ciwon sukari a gaban layi. Wannan ba son kai ba ne, kuma bai kamata sauran masu jira su yi gunaguni ba. Tsarin da aka fi bi shi ne: a ɗebi jini da sassafe, sannan a yi allura ko a sha ƙwaya, abinci ya biyo nan da nan. Ku taho da abin karin kumallo a jaka. Amma akwai insulin mai aiki a hankali dare da rana, kuma akwai masu ciwon da rayuwarsu ta rataya a kanta, musamman waɗanda ya kama tun suna yara. Irin waɗannan ba a yanke musu ita gaba ɗaya, sai dai lokotoro ya rage ko ya gyara lokaci. Don haka tambayar tun jajibiri ake yin ta. Ana iya cewa: "Malama, an ce kada Baba ya ci komi gobe sai an ɗebi jini. To, allurarsa ta safe fa, a yi ko a dakata?"

In alamomin faɗuwar sukari suka bayyana ana cikin jira, an gama maganar awo. Ku kira ma'aikaci, kuma in marar lafiya yana iya haɗiya ku ba shi sukari ƙwaya 3 a cikin ruwa, wato wajen giram 15, a sake dubawa bayan minti 15. Awon ya lalace, gaskiya ne, kuma wataƙila sai an sake biyan kuɗin mota gobe. Hakan ya fi sauƙi bisa ga suma. In kuwa ya riga ya suma, kada ku ɗura masa komi a baki, domin yana iya sarƙewa. Ma'aikata za su sa masa ruwan sukari ta jijiya.

Mai shan metformin da za a yi wa hoton sikana tare da ruwan da ake zubawa a jijiya, ya faɗi haka tun kafin ranar. In ƙodarsa tana da rauni, ana dakatar da maganin, a jira awa 48 bayan hoton kafin a koma.

Sauran magunguna a taƙaice

Maganin farfaɗiya, da maganin da masu ɗauke da ƙwayar SIDA suke sha kullum, ba a tsallake su don awo, sai in lokotoro ya faɗa da bakinsa. Yawancin magungunan hawan jini ma ana haɗiye su da kurɓin ruwa ko an hana abinci. Wanda za a yi wa tiyata akan hana shi abinci na awa 6, amma mai sa barci shi zai faɗi ƙwayar da za a sha da wadda za a bari, musamman maganin da yake tsinka jini.

Ga tarin fuka, ana karɓar majina kafin a fara magani, kuma injin GeneXpert yana ba da amsa cikin wajen awa 2. Bayan an fara maganin wata 6 ba a dakatar da shi don awon majinar da ake yi a tsakiya. Ɗaya daga cikin ƙwayoyin, rifampisin, tana mai da fitsari ja. Ku gaya wa mai awon fitsari kada a ɗauka jini ne. Fitsarin da za a shuka a labo shi ma ana karɓarsa kafin ƙwayar farko.

Wani lokaci dubawar ce tilas ta riga magani ko da lokacinsa ya yi. Mace mai ciki da ta yi jijjiga ana yi mata allurar manyeziyom kowace awa 4. Kafin kowace allura sai ungozomar likita ta ƙirga numfashinta, ta buga gwiwarta ta ga ko ƙafa tana zabura, ta duba yawan fitsari. In ɗaya ya gaza sai ta dakata, domin maganin da ya taru a jiki yana iya tsayar da numfashi. In kun ga ta tsaya tana ƙirge da allura a hannu, ba sakaci take yi ba.

Akwai kuma tsohon ra'ayi cewa mai ciwon ciki mai tsanani ba a ba shi maganin zafi sai likitan tiyata ya gan shi, wai kada a ɓoye ciwon. Binciken da aka yi daga baya ya nuna rage zafi ba ya hana gane cutar. Kuna da damar roƙo a sauƙaƙa wa marar lafiyarku, amma daga hannun ma'aikata, ba daga jakarku ba.

Aikin mai zaman jinya

Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Abin da ya shiga cikin marar lafiya kafin a zo likita, ku kaɗai kuka sani. Ku faɗe shi duka: kafson da aka saya wurin mai talla a kasuwa, ragowar maganin maƙwabci, jiƙo da sassaƙe, har kunun da aka ba shi da asuba don tausayi bayan an ce kada ya ci. Mutane sukan ɓoye don gudun faɗa. Faɗan na minti ɗaya ne, amma sakamakon da aka gina a kan ɓoyo yana iya sa a rubuta maganin da bai dace ba. In kwalin maganin yana nan, ku taho da shi.

Ga wanda ya koyi rubutu, nan ne karatunsa zai yi masa rana. Ku sami ƙaramin littafi, ku ja layi uku: sunan magani, lokacin da aka rubuta, lokacin da aka sha. Ko ba ku iya rubuta sunan ba, ku kwafe shi harafi bayan harafi daga jikin kwali. A ƙasa ku rubuta ranar awo da sharaɗinsa. Da dare ma'aikaci ɗaya yakan riƙe ɗaki cike da gadaje, kuma dole ya fara da wanda numfashinsa yake sarƙewa, ko yake zubar da jini, ko ya suma. A irin wannan dare, mai jinyar da zai ce "allurar ƙarfe 6 ba a yi ba, muna wurin hoto, yanzu ƙarfe 7 da rabi" ya fi taimako bisa wanda zai ce "tun ɗazu ba a ba shi komi ba".

Lokacin da aka fi mantuwa shi ne sa'ad da aka fita da marar lafiya zuwa hoto ko labo, da kuma sa'ad da masu aikin rana suke miƙa wa na dare. Kafin ku fita daga ɗaki ku tambaya ko akwai maganin da lokacinsa zai yi kuna can. Da kun dawo ku sanar, kada ku ɗauka an gan ku. In wani lokacin shan magani ya wuce, kada ku haɗa biyu a tashi ɗaya don ramuwa. Ku nuna littafinku ga ma'aikacin jinya, shi zai faɗi ko a sha yanzu ko a jira na gaba, ya kuma gyara sauran lokutan a takarda.